Kwamfutar da Ba Ta Buga Ƙwallo

"Wannan ma ta yi ƙarfi da yawa," in ji Malama Zuhura, ta ture kwamfuta ta huɗu gefe.

Raina ya fara ɓaci. Shekara tara ina sayar da kwamfuta a Kankia, kowa mai sauri yake nema. Ita kuwa ta taso takanas daga Kusada tana ƙin kayana don sun yi kyau.

"Malama, batirinta na kai awa biyar. Ki buga jarrabawar ɗalibanki, ki kalli bidiyo, har wasan ƙwallo tana ɗauka ba ta sarƙewa."

"Abin da ba na so ke nan. Ba ka da wadda in an sa mata ƙwallon za ta tsaya cik?"

Na jawo wata tsohuwa daga ƙarƙashin teburi, na dire mata. "Wannan rubutu kawai ta iya. Amma gaskiya kin matsa wa yaron nan. Yara ai sai da wasa."

"Yarona watansa bakwai."

Ta zuge jaka, ta fito da wata baƙar kwamfuta. Nan take na gane ta. Ni na zaɓa wa Malam Abdullatif ita da bazara, har na rantse masa ba zai yi da-na-sani ba.

"Musaya za mu yi," ta ce. "Tun da ka ba maigidana shawara, ciyawa ta cinye gonarmu ta Dudunni. Maƙwabta sun fara yankan gero, shi yana can yana neman cin kofi."