Dutsen Gugar Hamdiyya

Jikata Hamdiyya ba a kayar da ita a musu, ni ta gado. Sau ɗaya na ga ta sha ƙasa, ranar da ta sayo dutsen guga a Madalla ba ta sa an jona shi ba. Aka zo gida ya ƙi zafi. Manemin aurenta Taufiq ya yi ta yi mata dariya, wai mai hankali ba ya kai kaya gida sai an gwada a gabansa.

Ran Asabar da la'asar ya zo maganar sa rana. Ina gefe ina ɓarar gyaɗa, na mai da kaina kurma.

"Mu fara zuwa asibiti a ɗebi jininmu," in ji ta. "Ƙanjamau, ciwon hanta, da sauran cututtukan da ake ɗauka wajen kwanciya. In babu wannan, kada iyayenka su wahala da kawo goro."

Murmushinsa ya ɗauke. "Na yi gwaji kafin aurena na fari. Dube ni, na yi kama da mara lafiya?"

"Wannan gwajin ya tsufa. Ni ma na yi aure na fito. Tare za mu."

Ya juya makullin mota a hannunsa, ya dube ni. "Amaryata, sa baki mana."

"Angona, yau kunnen ba ya aiki."

Ya sassauta murya. "Hamdiyya, zargina kike?"

Ta sunkuyar da kai, sannan ta ɗago a hankali.

"Dutsen nan ma sabo fil yake a ido, Taufiq. Kai ka koya mini."