Rigar Tashi ta Ilu

Shekarar da hukuma ta raba rigunan tashi sama, ɗaya ga kowace unguwa, ƙuri'a ta faɗa kan Ilu, ƙanin Mudi. Ran nan a rumfar wanzami ana musun wane ne gwarzon gari.

"Ilu mana! Jiya mutum uku ya ciro daga gobara," in ji wani.

"Riga ta ciro su," in ji Mudi. "Ko keke ni na koya masa."

Sai ga Ilu ya sauko. Kowa ya san duk tashi ɗaya rigar kan mantar da shi mutum guda. Ya miƙa wa yayansa hannu.

"Sannu, bawan Allah."

Mudi ya so ya tausaya masa, amma zuciyarsa cewa take, da shi Mudin rigar ta fi dacewa.