Irin da Ke Cikin Tulu

Kin tambaye ni yadda za a ce a jikin mutum, da na kyanwa ma, akwai ƙwayoyin gado na garkuwar jiki da suke nan a mazauninsu amma sun daina aiki. Bari in ba ki misali.

Wani manomi ya gaji tulu ɗaya na irin gero a wurin mahaifinsa. Gero ne mai gashi, wanda tsuntsayen jan-baki ba sa iya sauka a kan zangarniyarsa. Kowace damina tsohon yakan ware kunya biyar a gefen gona ya shuka shi, ya girbe, ya juye na bara ya zuba sabo. Amma geron ba ya auki, kuma matan gida sun tsani sussukarsa saboda ƙaiƙayi. Jan-baki kuwa an yi shekara da shekaru ba a gan su ba. Da tsohon ya rasu, sai ɗan ya bar shukawa. Bai zubar da irin ba. Ya gauraya shi da toka, ya liƙe bakin tulun da laka. Duk kaka yakan buɗe ya ɗebo a tafin hannu, ya ga ƙwaya lafiya lau, ko ƙwaro bai taɓa ta ba, ya mayar ya rufe.

A shekara ta goma sha biyu tsuntsayen suka dawo, suka cinye rabin gonar cikin kwana uku. Matarsa ta zauna a bakin rumbu tana kallon abin da ya saura. Ya ce mata, "Kwantar da hankalinki, Baba ya bar mana maganinsu." Da ruwan shuka ya sauka, ya shuke gonar duka da irin tulun. Kwana biyar, gonakin maƙwabta suka yi kore. Tasa shiru. A rana ta tara ya durƙusa ya tona rami ɗaya, ya tona na biyu, ya tona na goma. Ƙwayar tana kwance yadda ya sa ta, ta jiƙa ta fara ruɓewa. Ya zaga ƙauyukan kusa yana neman mai irin, kowa ya ce shi ma ya daɗe da bari. Ya sake shuka da geron kowa, a makare, ya kuma san jan-baki yake noma wa.

Hausawa sun ce, kama da wane ba ta wane.