Katun a Zauren Malam Labaran

"Yanzu katun ka kawo mini zance?" in ji Mas'uda tana dariya.

"Ke dai kalla," Jamil ya ce, ya jingina wayarsa da buta a zauren gidan su Mas'uda. Ya ci burin fim ɗin nan na Japan zai karya mata zuciya, ta daina ja masa rai. Abokansa a jami'ar Wudil duk sun sha kuka a kansa.

A cikin fim ɗin, jirgin ƙasa ya tashi da wata yarinya, saurayinta ya bi shi da gudu. Jamil ya saci kallon Mas'uda. Gyaɗa take ɓarewa.

"Ji idanunta kamar faranti," ta ce.

Sai suka ji jan majina a bayansu. Malam Labaran ne, mahaifinta, wanda da ƙyar yake amsa gaisuwar Jamil. Gemunsa ya jiƙe sharkaf.

Jamil ya durƙusa. "Baba, a yi haƙuri."

"Sakaran yaro, ya tsaya nauyin baki har jirgi ya tafi!" Malam Labaran ya share ido da hannun riga. "Kai ma jirgin kake jira? Turo magabatanka ranar Juma'a."