Kujera ta Uku

Kujera ta uku babu kowa a kanta, kuma ita 'Yar Gaba ta ƙura wa ido tun da aka kira ta cikin ɗakin.

'Yan ajinsu ne suka laƙaba mata sunan, don tun daga shekarar farko a sashen nazarin tattalin arziki ba ta taɓa zama a baya ba. Takan ce allon ne ke da nisa. Yau kuwa babu allo. Dogon tebur ne, da fanka mai kukan tsufa, da malamai biyu suna jujjuya kundin bincikenta. Bara a nan suka kayar da ita, suka ce ta sake. Idan ta sake faɗuwa yau, dokar jami'a ba ta san karo na uku ba, sai dai ta tattara ta koma gida hannu rabbana.

Shugaban sashe, wani farfesa mai furfura, ya duba agogo. Ya ce malamin da aka gayyato daga waje bai samu zuwa ba, amma an nemo wanda zai maye gurbinsa.

Ƙofa ta buɗe. Ta juya ta ga wanda ya shigo.

Duk jami'ar nan babu wanda ba ta shirya fuskanta ba sai shi. Matashin dakta ne, ɗalibai na kiransa Ba-Sani-Ba-Sabo, kuma sunan bai zalunce shi ba. Shi ne ya dube ta ido da ido a makonta na farko ya ce wannan karatun ba nata ba ne, ta koma gida ta huta. Ranar ta wanke shi tas, ta ce kada ya kuskura ya sake nuna ya san ta a harabar nan. Tun daga lokacin idan sun haɗu a matakala, tana hawa tana dafa gwiwa, sai ya kau da kai ya wuce.

Ya ja kujerar ya zauna. Da ya ga wadda ke tsaye, sai ya sosa bayan kunnensa na hagu. Ta san wannan susar. Ba ya yin ta sai ransa ya dagule.

Ya ture takardar ba da maki gefe. "Ni tambaya kawai zan yi, Farfesa. Ba zan ba ta maki ba."

Malamar da ke kujera ta biyu ta ɗaga gira. Farfesa ya yi gyaran murya ya ce a fara.

'Yar Gaba ta fara bayani. Bincikenta a kan matan da suka ajiye karatu ne don renon 'ya'ya. Ta nisanta takardar da idonta don ta ga lambobin da kyau, ta bi su ɗaya bayan ɗaya. Malaman biyu suka yi tambayoyinsu, ta amsa, har hankalinta ya fara kwanciya.

Sai daktan ya buɗe babi na uku.

"Kin gina komai a kan tsadar zaɓi," in ji shi, bai ɗago ba. "Wato abin da mutum ya bari don ya samu wani. Kin lissafo abin da matan nan suka bari, digiri da aiki da shekaru. Amma awon da aka yi da sikeli mai hannu ɗaya ba awo ba ne. Ina abin da suka samu? Ya kai abin da suka bari, ko faɗuwa suka yi?"

Nan ne ramin da ke cikin aikin, ta kuma san da shi. Ta yi ta fatan kada kowa ya hango, ga shi wanda ya hango shi ne wanda ba ya rufa wa kowa asiri. Farfesa ya ɗauki biro. Haushi ya turnuƙe ta, da tsoro, da wani abu kuma da ya fi su nauyi.

Ta ajiye takardar.

"Ban sa shi a jadawali ba, Dakta, don ba ni da ma'aunin da zai ɗauke shi, kuma wannan gazawar aikina ce, na amsa. Amma na tambaye su. A cikin duk waɗanda na zanta da su babu wadda ta ce da za a mayar da ita baya za ta canza. Akwai wadda ta bar karatu tana aji biyu, da jariri a goye. Ta yi kuka, ba ta ɓoye ba. Amma idan ka tambaye ta yau ko ta faɗi, za ta ce maka riba ta ci, har da uwar kuɗi."

Daktan ya rufe kundin a hankali, ya cire tabarau yana gogewa, gogewar da ta ƙi ƙarewa.

Farfesa da malamar suka haɗa kai suka yi ƙus-ƙus. Can farfesa ya ɗago ya ce ta ci, da sharaɗin ta ƙara wannan bayanin a babi na uku.

Sannan farfesa ya juya ga kujera ta uku. "To kai kuma, Dakta, tunda ka tsare ta da tambaya mafi zafi, me ya hana ka ba ta maki?"

Ba-Sani-Ba-Sabo ya miƙe, ya zagayo teburin, ya ɗauki jakarta ya rataya a kafaɗarsa. Idanunsa sun kaɗa sun yi ja.

"Farfesa," ya ce, "ai doka ta hana mutum ya ba mahaifiyarsa maki."