Rabin Inci a Kafaɗar Hagu

Shekara ashirin da biyu Tela ya yi a kan keken ɗinki, kuma taƙamarsa ɗaya ce: babu jikin da zai gagare shi. Mai tumbi ya zo a rufa masa asiri, mai gajeren wuya ya fita kamar an ƙara masa tsawo.

Wata rana yana auna 'yarsa ta fari, wadda yake kira Mamana don sunan mahaifiyarsa ta ci, sai ya ga kafaɗarta ta dama ta ɗara ta hagu. Shekararta goma sha ɗaya a lokacin.

"Miƙe mana, Mamana. Kin wani karkace kamar tsohuwar rumfa."

"Baba, a miƙe nake fa."

Ya yi dariya, ya cusa ɗan soso a kafaɗar hagu ta rigar, ya rubuta a littafin awonsa: ƙara rabin inci. Riga ta zauna cif.

Matarsa ba ta gamsu ba. Ta ce, "Baban yara, ni tafiyar yarinyar nan ba ta kwanta min ba."

"Jakar makaranta ce. Littattafan da suke ɗauka ko jaki aka ɗora wa sai ya karkace. Ki bar ni da ita, wannan aikina ne."

Haka aka ci gaba. Duk sabuwar riga sai ya ƙara soso, ya saki gefe ɗaya na ƙasan rigar. Rabin inci ya zama ɗaya, ɗaya ya zama ɗaya da rabi. Ɗinkin ya yi kyau har malamanta ba su lura da komai ba.

Bayan shekara biyu, wata safiya ta sunkuya a shago za ta ɗauko masa almakashi, tana sanye da 'yar shara-sharar rigar da ba shi ya ɗinka ba. Nan ya ga haƙarƙarinta na dama ya yi tudu. Ƙafarsa ta tsaya cak a kan keke.

A asibiti likita ta ɗaga hoton ƙashi. Ƙashin bayan ya lanƙwashe kamar harafin S.

"Lanƙwasar ta kai digiri talatin da takwas. Yaushe kuka fara lura?"

Tela ya zaro littafin awo ya miƙa mata. Ta bi shafukan da yatsa, tana duba kwanan wata, sannan ta ɗago.

"Malam, ka riga mu ganin ciwon nan da shekara biyu. Sai dai rigar ka yi wa magani, ka bar yarinyar."

Ya kasa haɗa ido da matarsa.

Likita ta ce ba jaka ba ce, ba kuma iska ba. Lanƙwasar ƙashin baya ce, takan ƙaru lokacin da yaro ke tashen girma. Abin da ya riga ya lanƙwashe ba zai koma ba, kuma idan ya kai hamsin sai tiyata, a kafa mata ƙarfe a baya. Dama ɗaya ta rage: rigar roba mai tauri, awa goma sha takwas kullum.

"Bincike ya nuna yaran da suka fi daɗewa da ita a jiki su suka fi tsallake tiyata," in ji ta. "Mu ma muna wani nazari. In kun yarda, za mu sa 'yar na'ura a rigar tana ƙirga awannin. In kun ƙi, maganinta ba zai canja ba."

Tela ya fara inda-inda. Mamana ta kama hannunsa.

"Baba, sa hannu. Ni dai kada a yanka ni."

Watannin farko sun yi wuya. Ga zafi, ga gurjewar fata, ga kuka. Tela ya ɗinka mata singileti masu laushi, ya juya ɗinkin waje don kada ya gurje ta. Ta ce ta zama kunkuru. Ya ce kunkurun da telansa ya fi na kowa.

Bayan shekara ɗaya da rabi aka sake ɗaukar hoto. Talatin da tara. Lanƙwasar ta tsaya. Tela ya fita baranda ya share ido da hularsa. Kafaɗar dama tana nan sama da ta hagu, kuma haka za ta zauna, amma ba a yanka ta ba.

A makon ne wata mata ta kawo 'yarta awo. Ya ɗora tef a kafaɗun yarinyar, ya sake ɗorawa, ya ga ɗaya ta ɗara ɗaya, sai ya ajiye.

"Baiwar Allah, ce mata ta sunkuya ki dubi bayanta."

"Ni ɗinki na kawo, Tela, ba duba ba."

"Zan ɗinka, har da ado. Amma ku fara zuwa asibiti, yadin ba zai gudu ba."

Iyaye, ku sa yaranku su sunkuya ku dubi bayansu. Idan kafaɗa ko haƙarƙari ɗaya ya ɗara ɗaya, kada ku rufe da tufafi, ku kai su asibiti tun ƙashin bai gama girma ba.