Mai Furar Gindin Dutse

Tun saukarsu daga mota Malama Afra'u ta ji matar nan ba ta kwanta mata a rai ba.

'Yan mata ɗalibai ta kwaso daga makarantarsu ta Gaya, yawon buɗe ido zuwa wani dutse a hanyar Ajingi, wanda ya tsage gida biyu kamar an datsa kabewa. Malam Abdulsalam, malamin labarin ƙasa, shi ya kawo shawarar zuwan, shi ne kuma ja-gaba, don ya ce ya san wurin ciki da bai.

A gindin dutsen, ƙarƙashin wata tsamiya, wata Bafillatana mai fura ta sauke ƙwaryarta. Tana ta wasa da dariya da ɗalibai, har da tsokanar Afra'u wai takalmanta na gidan biki ne. Amma da Malam Abdulsalam ya matso ya rusuna ya gaishe ta, sai ta ɗaure fuska tamau. Ta kau da kai ta shiga korar ƙuda, ko uffan ba ta ce masa ba.

Can sai ta jawo wani ɗan ƙoƙo daga bayanta, rufe da faifai, daban da furar da take dama wa kowa. Ta tura shi gabansa ba tare da ta dube shi ba. Ya ɗauka ya shanye tas.

"Malam, kun taɓa samun saɓani da ita ne?" Afra'u ta tambaye shi ƙasa-ƙasa.

Ya yi murmushi. "Haka take."

Za su fara hawa matar ta yafito Afra'u. "Ki gaya wa wancan kada ya shiga tsagar nan yau."

Wancan! Mutum da darajarsa. Afra'u ta ji haushi, amma ta isar da saƙon. Shi kuwa dariya ya yi.

Sun kai ƙololuwa ana ta ɗaukar hoto, sai hadari ya taso daga gabas, baƙi ƙirin. Garin gaggawar sauka jakar wata ɗaliba ta sulale cikin tsagar. Malam Abdulsalam ya ce su yi gaba, zai ɗauko ta ya ɓulla ta ƙasa, su haɗu a mota.

Suka isa mota babu shi. Afra'u ta kira wayarsa, ba ta shiga. Ɗalibai suka haɗa baki suna ihun "Malam! Malam!" dutse yana dawo musu da muryarsu. Direba ya dubi sama ya ce duk ruwan da ya sauka a kan dutsen nan cikin tsagar yake taruwa, kuma ba ta daɗewa take cika. Ya ruga rugar da ke kusa neman maza da igiya.

Yayyafi ya fara. A nan ne Afra'u ta tuna da ƙoƙon. Mutumin da ya san wurin nan haka, me zai kayar da shi in ba jiri ba? Ta nufi tsamiya a fusace.

"Baiwar Allah, me kika ba shi ya sha?"

Matar ta miƙe zumbur. Ta ƙara ɗaure zaninta, ta bar ƙwaryarta a buɗe ta kama zagaya dutsen ba ko takalmi. Afra'u ta cire nata, ta tsinci dutse cike da hannu, ta bi bayanta. Ta rantse a ranta ba za ta bar matar nan ta riga kowa isa gare shi ba.

A bayan dutsen tsagar ta rabu biyu, kowane ɓangare rami ne mai duhu, ruwa na kwarara ciki ta ko'ina. Matar ta durƙusa tana jefa tsakuwa, tana kasa kunne. "Kai! Kai wancan!" Shiru. Afra'u ta ture ta, ta yi ta ƙwala masa kira har muryarta ta dishe, ba a amsa ba.

Direba ya iso da makiyaya, wani dattijo mai suna Inuwa a gaba, da igiya guda ɗaya tak. Dattijon ya leƙa dama, ya leƙa hagu, ya ce in aka zura mutum a ramin da ba shi ba, kafin a fito da shi ɗayan ya cika. Ba wanda ya san ta inda za a fara. Tsoro ya kama Afra'u sosai, ta fashe da kuka.

Mai furar ta miƙe. Ta buɗe baki, ta rufe. Ta dubi mazan nan ɗaya bayan ɗaya, ta ja mayafi ta rufe fuskarta, sannan ta sunkuya bakin ramin.

"Abdulsalam!"

Wasu daga cikin makiyayan suka sunkuyar da kai. Can ƙasa ta hagu, wata murya mai rauni ta ce, "Na'am."

Da ƙyar aka jawo shi. Santsi ne ya kwashe shi, ƙafa ta karye, kai ya fashe, ruwa ya kai masa ƙirji. Kowa ya rufa a kansa ana ta hamdala. Afra'u ta waiga, sai ta hangi matar ta juya baya tana tafiyarta cikin ruwa.

"Wace irin mata ce wannan? Ko sannu ba za ta yi masa ba?"

Dattijon ya share idonsa da gefen rawani.

"Ƙyale Hure, 'yar nan, ta yi abin da ya fi ƙarfinta. Ɗan farinta ne. Tun da ta haife shi bakinta bai taɓa kama sunansa ba, sai yau."